Kwarkwaron Hagu

Ƙanƙara ta saki gaɓar tafkin Vänern,
jiragen Mariestad sun soma tari da asuba.
Ni kuwa Torvald ina tsaye a kantin Sixten,
hannu cikin aljihu, kafaɗa na yi mini zogi.

Shekara talatin da ɗaya muna jan fatsa bayan jirgi,
ni da ƙanena Ebbe.
Allo biyu muke saki, ɗaya dama, ɗaya hagu,
su yi nisa da juna kamar agwagin da suka ɓata,
kowanne na jan igiyarsa, ƙugiyoyi na bin sawu,
don kifi ba ya son inuwar jirgi,
ba ya son gurnanin inji.
In tashi ya zo, sai naɗi:
ni na dama, shi na hagu,
mita hamsin ta jiƙaƙƙiyar igiya,
iska na mari, allo na gardama.

Bara da kaka muka kai Ebbe makwancinsa.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
balle ya naɗe kwarkwaro biyu yana riƙe da sitiyari.

Sixten ya jera mini na lantarki guda uku.
"Wannan baƙin, gudu kamar an koro shi,
kafin ka kurɓi kofi allo ya iso gindin jirgi."
Na ɗaga, na ji shi sakayau,
roba ce aka yi wa kwalliya.
Sanyin Afrilu zai fasa shi kamar ƙwai.

Na biyu alminiyam ne, sai sheƙi,
da maɓallin da ake ratayawa a wuya, ba waya.
Na ce, in batir ya mutu a tsakiyar tafki fa?
Ya sosa ƙeya. Ba shi da mariƙi.
Wato ranar wuya sai in ja igiya da haƙori.

Ban bar shi ya huta ba.
Wuta nawa yake sha? Wane fis? Wace irin waya?
In raƙumin ruwa ya fizgi allo,
kuloci na saki, ko igiya ce za ta tsinke?
Yana tsayawa da kansa in allo ya iso,
ko sai ya rotsa mini shi a jikin sanda?
Feshi na shiga cikinsa?
Sixten ya ce, "Kai, ko surukai ba su yi mini haka ba."

Na ukun yana can ƙarshen tebur,
ruwan toka, ga nauyi, ga mariƙin ko-ta-kwana.
"Wannan nawa gare shi," in ji Sixten,
"mutum biyu sun dawo mini da shi."
Na ce jona mu ji.

Ƙirrr, ƙirrr,
sai ɗan numfashi,
ƙirrr.

Na dafa tebur.
Haka Ebbe ke naɗi, wallahi haka,
juyi biyu, ya huta, ya dubi sama.
Kullum ni ke gamawa, in tsaya ina masa tsawa,
shi ko ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
"Sauri ya haifi nawa, yaya."

"Biyu-biyu ake sayar da su," in ji Sixten.
Na ce ɗaya nake so.
Ya dube ni, ya dubi kafaɗata,
ya raba kwalin bai ƙara magana ba.

Na ɗaura shi a hagu, na ja waya ƙarƙashin benci,
na shafe bakin kusoshi da man giris.
Ranar Talata na fita, hazo kwance kan ruwa,
kifi biyu, ɗaya ya kuɓuce.
Da rana ta karkata na danna maɓalli,
na kama mariƙin dama da hannuna,
kafaɗa na kuka, ina naɗi.

Na riga shi gamawa, kamar kullum.
Allon hagu na tafe, yana rangaji, ba ya gaggawa.
Na buɗe baki zan yi tsawa,
sai na zuba kofi, na zauna,
na jira shi.